Hannu Ɗaya Ne Ya Taɓa Ɗinkina

Ni 'yar sikila ce, malamar firamare a Kano, uwar yarinya ɗaya. Wanda ya tashi da wannan ciwo ya san zogin ƙashi tun kafin ya san allo, amma abin da ya same ni a ƙugun dama daban ne. Tashin sikila yakan zo ya gigita mutum sannan ya tafi. Wannan kuwa zama ya zo yi. Na fara da ɗingishi, sai tsayuwa a gaban aji ta gagara, sai ruku'u, har ya kai in na kwanta ba ni da gefen da zan juya. Da aka ɗauki hoto, likita ya nuna mini kan ƙashin cinyata, dunƙulen nan da ke juyawa cikin kwankwaso, ya lotsa. Ya ce 'yan siraran jijiyoyin jini ne ke ciyar da shi, ƙwayoyin jininmu masu lanƙwasa kuma suna toshe su, sai ƙashin ya mutu a hankali. Ba abin da mai ɗori zai ɗora, domin ba karaya ba ce. Sai dai a cire a sa wani.

Kuɗin aikin miliyoyi ne. Baba ya sayar da filinsa, maigidana ya ci bashi a wurin aiki, malaman makarantarmu suka yi karo-karo. Na faɗi wannan ne don a san nauyin abin da ke kwance a ƙarƙashin filastar da zan ba da labarinta.

An yi mini ƙarin jini kafin a shiga da ni, kamar yadda aka saba yi wa masu sikila. Aka yanke mataccen kan ƙashin, aka soka sandar ƙarfe cikin ƙashin cinya, aka ɗora mata sabon dunƙule, aka kafa masa kwanon da zai riƙa juyawa a ciki. Ni dai abin da na farka na tarar shi ne filasta doguwa a gefen katarata, ta kusa taƙi guda, da wani siririn tiyo da ke janye jinin da ya taru. Ba a daɗe ba aka cire tiyon, masu fisiyo, wato masu koyar da motsa gaɓɓai, kuma suka ɗaga ni tsaye a kan ƙarfen tafiya mai ƙafa huɗu. Fatar ba da zare aka ɗinke ta ba, da 'yan ƙarafuna aka maƙale ta, jere reras.

Ranar da za a sallame ni, wata Sista dattijuwa ta jawo kujera ta zauna gefen gadona, ta ce a kira mata wadda za ta yi jinyata a gida. Ƙanwata ta matso. Sista ta ce, "Malama, aikin likita ya ƙare, naku ya fara. Wannan yanka da kike gani ba irin na wuƙar girki ba ne. Daga fatar nan zuwa ƙarfen da ke ciki ba nisa, kuma ƙarfe ba shi da jini." Ta bayyana mana cewa in ƙwayar cuta ta shiga nama, jini yana kai mata sojojin jiki da magani. In ta kai ga ƙarfe kuwa, sai ta manne ta lulluɓe kanta da wani yauƙi, irin santsin da ke kama cikin randa in an daɗe ba a wanke ta ba, wanda ko an sauya ruwa yana nan sai an sa hannu an kankare. Daga nan magani ba ya iya kai mata yadda ya kamata. Ta ce a cikin mutum 100 da aka yi wa wannan aiki, kamar 1 ko 2 ne ke gamuwa da haka, amma mu masu sikila rabonmu ya fi na sauran, saboda saifarmu takan lalace tun muna yara, jinin jikinmu kuma kaɗan ne, ciwo ba ya saurin kamewa. Daga baya likitana ya gaya mini cewa John Charnley, baturen Ingila da ya fito da wannan salon aiki a 1962, shi ma abin da ya fi ba shi wahala ke nan, har sai da ya sa aka ƙera masa ɗakin tiyata mai tace iska. In dai mutum zai tace iska saboda wannan ciwo, to bai kamata ni in koma gida in bar shi ga kowane hannu ba.

Gidan iyayena aka kai ni jinya. Kafin in iso an riga an ɗaga katifata daga ƙasa an sa ta kan gado mai tsayi, an naɗe darduma da tabarmin da ke iya harɗe ni, an ɗaura gidan sauro. Umarnin likita shi ne na makonni 6 aƙalla kada in tsuguna, kada in harɗe ƙafa, kada in lanƙwasa ƙugu har gwiwa ta fi shi tsayi, in kuma zan kwanta in sa matashi tsakanin cinyoyi.

Doka ɗaya muka kafa tun daren farko, kuma Baba ne ya faɗe ta da bakinsa a tsakar gida: ba mai buɗe filastar nan sai ƙanwata. Ita Sista ta koya wa, ita ta gwada a gabanta. Takan rufe taga ta kashe fanka, ta yanke farce, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu ana zuba mata ruwa daga buta, ta sa safar hannu sabuwa. Ta ɗaye tsohuwar filasta a hankali, ta duba launin abin da ya fito a jikinta, ta ɗauki hoton ɗinkin da waya. Sannan ta jiƙa gozi, wato ƙyallen share ciwo, da ruwan gishirin asibiti, ta share daga kan ɗinkin zuwa waje, shara ɗaya ta yar, ta ɗauki wani. Ba ta komawa baya da wanda ta riga ta yi amfani da shi. In wurin ya bushe ta rufe da sabuwar filasta ba tare da yatsanta ya taɓa cikinta ba. An hana mu kwarara sifirit ko ruwan nan mai kumfa, domin suna ƙona sabon naman da ke tsirowa. An kuma hana mu yawan buɗewa. In filasta a bushe take kuma a manne, a ƙyale ta har ranar da aka ce. Wannan ya fi komai wuya a gidan Bahaushe, inda kowa ya yarda ciwo sai ya sha iska yake warkewa.

A bazara aka yi mini aikin, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Gumi shi ne abokin gabarmu na farko. Yakan bi ta gefen filasta ya ɗaga ta, wutar lantarki kuma ga ta nan ga ta nan. Umma takan zauna da mafici tana yi mini fifita har barci ya kwashe ta a zaune. Na daina ɗaura zani a ƙugu, na koma doguwar riga ta auduga marar nauyi. Ana sauya zanin gado kullum a shanya shi a rana. Ruwa kuwa ina sha kamar an aiko ni, domin mai sikila in ya bushe a irin wannan zafi ciwonsa zai tashi.

Sai Gwaggo ta zo.

Gwaggo yayar Baba ce, kuma ita ce ta yi wa kusan duk matan zuriyarmu wankan jego, har da ni. Hannunta na da albarka, ba wanda ke musun wannan. Ta iso daga ƙauye da ƙullin bagaruwa, da man shanu, da zuma a gora, ta ce a ɗora mata tukunya a tsinko ganyen darbejiya. A saninta, jikin da aka yanka ɗanye ne, in ba a gasa shi da ruwan zafi ba sanyi zai shige shi, jini ya daskare a ciki. Ta shigo ɗaki ta ɗaga mayafina ta ce, "Ke 'yar nan, haka za su naɗe ki da roba a wannan zafi? Ai ruɓewa zai yi. Bari in gasa miki shi, in barbaɗa bagaruwa, kwana uku ya kame."

Ban taɓa ce wa Gwaggo a'a ba. Ita ta riƙe ni lokacin da Umma ke jegon ƙanina, ita ta kwana a kaina a asibiti sau ba adadi ina yarinya. Na ji ƙirjina ya yi nauyi. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ƙarfe ne a ciki. Sun ce in ruwa ya shiga sai an sake fasa ni an cire shi." Ta yi shiru, ta saki mayafin, ta fita. Na jiyo ta a tsakar gida tana cewa yaran yanzu sun raina abin da ya raine su. Na yi kuka a ranar, kuma ba zafin ɗinki ne ya sa ni ba.

Baba ne ya gyara lamarin. Bayan Magariba ya zauna da ita ya ce, "Yaya, ba wanda ya fi ki sanin jinya a gidan nan. Amma wannan ciwo ba mu gaje shi ba, iyayenmu ba su taɓa ganin ƙarfe a cikin ƙashi ba. Ki bar musu fatar, ke ki riƙe mana cikinta." Ya danƙa mata madafi. A nan ma an ɗan ja, domin ta ce ƙwai da nono da kifi suna sa ciwo ya yi ruwa, alhali su ne Sista ta ce in ci, tunda da su jiki ke gina sabon nama. Ƙanwata ta kira Sista a waya ta miƙa wa Gwaggo. Suka gaisa gaisuwar manya, suka daɗe suna magana, ban san duk abin da suka ce ba. Washegari dai Gwaggo ta kawo mini dafaffen ƙwai da kwaɗon zogale da hannunta. Daga nan farfesun kaza, alalen wake, fura da nono mai kyau, lemon zaƙi, ba abin da ban ci ba. Zumar da ta kawo a kunu na shanye ta. Har yau ina ganin rabin warkewata daga tukunyar Gwaggo ta fito, kuma ba na jin daɗin yadda wasu masu ilimin boko ke yi wa irin waɗannan tsofaffi magana kamar ba su san komai ba. Sun san abubuwa da yawa. Wannan ɗaya ne bai zo a zamaninsu ba.

'Yan dubiya ma sai da aka yi dabara da su. Dubiya lada ce, ba a korar mai ita, amma kowa ya shigo yana son ya ga wurin, wani ya zauna a bakin gado, wata ta miƙo yaronta mai majina. Umma ta jera kujeru nesa da gadon, ta ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa. Masu son yi mini tofi muka roƙe su su yi a tafin hannuna in shafa a fuska da ƙirji. Ruwan zamzam da aka kawo na sha, ban zuba a ɗinkin ba. 'Yata ce ta fi ba ni tausayi. Ta saba da rugowa ta faɗa jikina, yanzu sai an riƙe ta an zagayo da ita ta hagu.

Akwai abin da mata ba sa faɗa, ni zan faɗa domin ba wanda ya gaya mini kafin in shiga ciki. Bayin gidanmu na tsuguno ne, saboda haka aka sayo kujerar bayi mai tsayi. Amma tsarki da buta a zaune yana sa ruwa ya gangaro ta gefen cinya, daidai inda ɗinkin yake. Sai da muka riƙa rufe filastar da leda mai tsabta a manne bakinta, in karkata zuwa hagu, ƙanwata na zuba ruwan kaɗan-kaɗan. Ga allurar hana daskarewar jini da ake yi mini a fatar ciki kullum, wadda aka ce sai na yi wajen wata guda ina karɓa. Da al'adata ta zo, ta zo da yawa fiye da yadda na saba, abin da mai ƙarancin jini ba za ta yi wasa da shi ba, sai da muka sanar da likita. Wanka kuwa da tsumma da ruwan ɗumi ake goge ni, a kewaye wurin. Da lokacin wankan tsarki ya yi, maigidana ya tambayo malaminsu, ya ce a wanke sauran jiki a shafi bayan filastar da danshin hannu, in ana tsoron ko hakan zai cutar a yi taimama. A alwala ƙanwata ke wanke mini ƙafafu, don ba ni da ikon sunkuyawa. Salla a kan kujera nake yi, da ishara.

Ana cikin haka, kafin lokacin cire ƙarafunan ya yi, wata safiya ƙanwata ta ga filastar ta jiƙe daga ƙasa. An gaya mana ɗan ruwa-ruwa mai launin ja-ja a kwanakin farko ba komai ba ne, amma ya kamata ya riƙa raguwa, in an kusa mako ya tsaya. Nawa ya tsaya, sai kuma ya dawo. Da ta gwada hoton ranar da na baya, gefen ɗinkin ya ɗan tasa, fatar ta yi sheƙi. A baƙar fata ba a cika ganin jan da ake faɗa ba, sai dai wurin ya ƙara duhu, in an kai bayan hannu kusa a ji ɗumi. Da yamma sanyi ya rufe ni, ma'aunin zafi ya haura 38.

Nan take gida ya yanke hukunci: maleriya ce. Ƙanina ya ɗauki makullin babur ya ce, "Yaya, bari in je kemis in karɓo miki na zazzaɓi, in haɗo da kafso." Da zuciya ɗaya ya faɗa, haka kowa ke yi a unguwarmu. Amma Sista ta ja mana kunne a kan wannan musamman. In aka sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin likita ya ɗebi ruwan ciwon, gwaji ba zai nuna wace ƙwaya ce ba, zazzaɓi ya lafa na ɗan lokaci, ita kuwa tana can tana kama ƙarfe. Na ce masa ya ajiye babur ya nemo mota. Ƙanwata ta tura hotunan ta WhatsApp, amsa ta dawo cewa mu taho yanzu.

A daren aka ba ni gado. Aka ɗebi jini, aka zagaye kumburin da alƙalami don a ga ko yana faɗaɗa. Gwajin maleriya ya nuna akwai ta, amma likita bai tsaya nan ba. Ya ce jini ne ya taru ya dunƙule a ƙarƙashin fata, abin da allurar tsinka jini kan jawo, kuma irin wannan taruwa abinci ce ga ƙwayoyin cuta. Aka mai da ni ɗakin tiyata, aka buɗe saman ɗinkin aka wanke, aka ɗebi samfur, sannan aka fara ba ni magani ta jijiya. Da na farfaɗo ya ce mini ɗinkin ciki, wanda ya rufe ƙarfen, bai buɗe ba. Alhamdu lillahi. Ya ce ko da abin ya kai ciki, in an zo a makonnin farko, kamar 3 zuwa 4, sau da yawa ana iya wankewa a bar ƙarfen a wurinsa. In aka makara sai an cire shi gaba ɗaya, a sa siminti mai magani a gurbinsa, a yi wajen makonni 6 ana shan magani da allurai, sai bayan watanni a sake dasa wani.

Na ga wadda hakan ta faru da ita, gadonta na kallon nawa. Dattijuwa ce da ta zame a bakin rijiya ƙugunta ya karye, 'ya'yanta suka haɗa kuɗi aka sa mata ƙarfe. Garinsu da nisa, kuɗin mota ma aiki ne. Da ɗinkin ya fara tsatsafo da ruwa, aka riƙa fasa kafso ana barbaɗa garin, ana gasawa da tsumma mai zafi. Bakin ciwon ya rufe, kowa ya yi murna. Bayan wata biyu wani ɗan rami ya ɓulle a gefen tabon yana fitar da mugunya. Lokacin da na same ta an riga an cire ƙarfen. 'Yarta, wadda ke kwana a ƙasa kan tabarma, ta ce mini, "Wallahi Anti, ba sakaci muka yi ba, kullum sai mun wanke shi." Na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Mutane suka yi ta cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, haka ne, amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba su samu wanda ya jawo kujera ya zauna da su kamar yadda aka yi mana ba, kuma ba su da lambar da za su kira. Takardar sallama da aka rubuta da Turanci ba ta isa ba ga mutanen da za su koma ƙauye da ƙarfe a jiki.

An saba cire ƙarafunan ɗinki tsakanin kwana 10 zuwa 14, nawa an ɗan jinkirta saboda buɗewa ta biyu da kuma sikila. Cirewar ba ta da zafin da na zata, ɗan tsikari ne kawai. Bayan nan ma ba a sake ni ba. An yarda in watsa ruwa in tsane wurin da tawul na daban, ban da gurzawa da soso, ban da zama cikin ruwa. Ƙaiƙayi ya zo mai tsanani, aka ce kada in sosa, kada in ɓamɓare ɓawon, ya faɗi da kansa. Sai da fatar ta haɗe sarai likita ya ce yanzu ana iya shafa mai a murza tabon a hankali don ya yi laushi. Na aika wa Gwaggo. Ta zo da man kaɗanya, ta wanke hannu da sabulu ba tare da kowa ya ce mata ba, ta yi bisimilla ta shafa.

Na koma aji, ina tsayawa a gaban allo, ina ruku'u. Gefen tabon har yanzu akwai inda ba na jin taɓi sosai, an ce jijiyoyin fata ne da aka yanke. Abin da ban sani ba da farko shi ne tsaron ƙarfen ba ya ƙarewa da warkewar fata, domin ƙwayar cuta na iya tasowa daga wani wuri ta biyo jini ta sauka a kansa ko bayan shekaru. Saboda haka ciwon haƙori, ko zafin fitsari, ko maruru, ko gyambon idon sawu da ke yawan damun masu sikila, ba na barinsu su kwana biyu ban je an duba ba. Duk likitan da na je wurinsa, ko na haƙori ne, sai na fara gaya masa akwai ƙarfe a ƙuguna. In ciwona ya tashi ba na yarda a yi mini allura a ɗuwawun dama, ba na kuma barin wanzami ya yi mini ƙaho ko tsaga a wurin.

Hoton da aka ɗauka na baya-bayan nan ya nuna na hagu ma ya fara lotsawa. Likita ya ce ba gaggawa, amma ranarsa na zuwa. Na roƙe shi in lokacin ya yi a sa mini aikin da kaka, bayan ruwa ya ɗauke kafin hunturu ya kankama, don in tsira daga gumin bazara da kuma sanyin da ke tayar mini da ciwo. Na shiga adashi saboda shi. Ƙanwata ta yi aure a Zariya, amma mijinta ya riga ya yi alkawarin zai ba ni aronta.